Kumfa a Kofin Birki

Sukundireba na hannun Baba Mai Birki. Mutumin da ya shekara arba'in yana kwance birkin jama'a, yau kusoshi biyu na murfin kofin man birki sun gagare shi. Wata uku ke nan tsohon babur ɗin yana jingine a zaure da fasasshiyar fitila, tun ranar da aka kawo shi a bayan mota, bayan an kai ɗansa Auta makwancinsa.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, shi ma haka yake amsa wa masu gaisuwa. Sai dai wani mai rake da abin ya faru a gabansa ya ce ya ga Auta yana ta matsa birki a gangaren gada, babur kuwa ko gezau, har ya shige ƙarƙashin tifa. Wannan magana ce ta tsaya wa tsohon a rai. Tsoron abin da ke cikin kofin nan yake yi, gaskiyar ke nan.

Da safen ne matar marigayin ta durƙusa a bakin ɗakinsa.

"Baba, ƙanena ya ce in an gyara babur ɗin zai riƙa haya da shi, ko a samu na cefane."

"To, 'yata. Zan duba."

Ya matsa hannun birkin, ya tafi luf ba wani ƙarfi. Ɗigo ɗaya ya fito ta gindin masta, inda ake tura mai zuwa taya. Ya shafa, ya kai hanci. Ba warin man birki ba ne.

Da murfin ya buɗe sai ga guntun ruwa fari-fari, tsatsa kwance a ƙasa. Ya sa yatsa ya motsa, kumfa ta taso.

*

Shi fa ya kawo wannan dabara layin makanikai, lokacin yana ji da ƙuruciya, kayan gyara kuma sun yi wuya. In robar fistin ta cinye tana yoyo, sai a naɗa mata zare a baya ta kumbura, a dama sabulu a ruwa a zuba a madadin mai. Birki zai kama, na yini biyu ko uku. "Lallaɓa ka kai gida," haka yake cewa. Wa ya taɓa komawa gida ya ajiye babur, ga fasinja a bakin titi? Shi dai an yi masa kirari, ya sha shayin kyauta, yaran da ya koya wa suka buɗe nasu wuraren da dabarar a aljihu.

Amma a babur ɗin ɗansa bai taɓa yi ba. Sati guda kafin abin, ya ce masa, "Robar nan ta mutu. Kada ka hau sai na samo ta asali." Auta ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ke shiga ta nan ta fita ta can.

Ya zare fistin da filaya. Ga zaren nan, ya jiƙe ya zame gefe. Ya warware yana ƙirgawa: naɗi bakwai, ƙulli ta hagu. Bahago ne shi, kuma duk wanda ya koya a hannunsa ta hagu yake ƙullawa. Ya zauna a ƙasa da zaren a tafinsa, ba wanda zai gaya wa. Mai ɗakinsa ta rasu da daɗewa, abokan hira sun ƙare ɗaya bayan ɗaya.

*

Shago huɗu ya shiga kafin ya samu roba ta asali. Ya wanke cikin mastan, ya goge tsatsar, ya shafa wa sabuwar robar mai ya zura ta a hankali. Ya cika kofin da man birki na gaske, ya yi ta matsawa yana sassauta notin ƙasa, har iska ta gama fita. Hannun birkin ya tsaya ƙyam. Aikin minti arba'in ne duka.

"Baba, me ya same shi ne dama?" in ji surukar, tana ajiye masa ruwa.

"Roba ce ta mutu, 'yata."

Bai iya kallonta ba. Ya sa zaren a aljihu ya nufi layin makanikai, wurin Dogo, tsohon yaronsa, wanda Auta ke zaman hira a rumfarsa. Duk hanya yana shirya maganar da zai faɗa.

Ya tarar da Dogo sunkuye a kan wani babur, gwangwanin ruwan sabulu a hannu. Ɗan hayar da ke da babur ɗin na tsaye, fasinjarsa mace mai goyo tana jira a inuwa.

"A'a, Maigida da kansa," in ji Dogo da fara'a, yana ɗaure murfi. Ya dubi ɗan hayar. "Ka ga mai dabarar nan. Duk a hannunsa muka koya."

Ɗan hayar ya ɗaga masa hannu cikin girmamawa, ya buga babur. Matar ta hau, ta gyara goyonta. Baba ya buɗe baki, ƙarar injin ta cika rumfar. Yana tsaye da zaren a aljihu suka karya kwana, suka ɗauki hanyar gada.