Yen Biyu da Jiniya

Duk wata in takardar kuɗin waya ta zo, mijina Tokuji sai ya ɗauko tabarau ya bi ta layi-layi har ya kai kan 'yan kuɗin nan, yen biyu kacal, da ake ƙara wa kowace lamba, domin riƙe layin kiran gaggawa da wayoyin bakin titi. A nan yake cijewa.

"Shekarata saba'in da shida ban taɓa kiran lambar gaggawa ta 119 ba," in ji shi, "amma ni ake yanka wa."

Mutumin da ke sayen sandar kamun kifi ko farashi bai tambaya ba ke nan. Tuni na daina tanka masa.

Ranar wata Lahadi da hantsi muna cin shinkafa da miyar miso, sai tsinken cin abinci ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na dube shi, na ga gefen bakinsa ya zazzago. Haka ciwon shanyewar jiki ya fara wa mahaifiyata.

Na jawo waya. Ya damƙe hannun rigata da hagunsa.

"Tomie, ajiye." Maganar tana fita da nauyi. "Ba ki ji ana addu'a ba?"

Ina ji mana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan maƙwabcinmu Kuwabara, kuma ranar ce ake addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwar maigidan. Dangi sun cika ɗaki, malamin haikali ya fara karatu. Mu jiya muka kai namu turaren na ta'aziyya.

"Jiniya za ki kawo musu tsakiyar karatu? Da wane ido zan kalli matar nan? Bari su gama, awa ɗaya ce."

"Awa ɗaya? Baban Chie, bakinka fa ya karkace!"

"Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

Kada in yi ƙarya, sai da na yi jim. A unguwarmu mutum gara ya sha wuya a ɗaki da a ce ya dami maƙwabta, kuma ni ma da wannan tarbiyyar aka raine ni. Amma miya na zubowa ta gefen bakinsa bai ma sani ba, sai haushi ya kama ni.

"Shekara nawa kana cika mini kunne a kan yen biyu? To yau za ka karɓi abin da ka biya. Ko ka bar musu ne kyauta?"

Hannunsa ya saki rigata, na buga 119.

Matar da ta ɗauka ta tambaye ni gobara ce ko rashin lafiya, ta karɓi adireshi. Ni kuma, don kunya ba ta sake ni gaba ɗaya ba, na ce, "Don Allah ko za su kashe jiniya in sun shigo unguwa?"

"Ki yi haƙuri, Mama, doka ba ta ba mu dama ba. Ki kwantar da shi ta gefe, kar ki ba shi ruwa."

Cikin minti tara masu motar asibiti suka iso. Karatun ya tsaya cak. Motar ba ta hawa layinmu saboda matakala, sai da aka sauko da shi a kan gadon ɗaukar maras lafiya, ta gaban ƙofar Kuwabara, ga mutane cikin baƙaƙen kaya sun fito suna kallo. Tokuji yana kwance yana ta ƙoƙarin sunkuyar da kai ga kowa, yana ba da haƙuri da rabin baki.

Na tsaya gaban matar Kuwabara na rusuna har ƙasa.

"Sumiko, ki yafe mana. Mun ɓata muku taro."

Ba ta dube ni ba, gadon take bi da ido.

"Da kanki kika kira?"

"Da kaina. Shi cewa ya yi a jira."

"Nawa mijin ma haka ya ce," in ji ta. "Wai a bari ƙanensa ya zo da mota, kar a tara masa jama'a. Ni sai na jira."

Ta tura ni ta kafaɗa. "Wuce ki shiga motar, zan rufe miki gida."