Kunnen Hagu na Baba Lissafi

Malamin lissafi bai shiga zauren don son ransa ba. Shugabar makarantarsu ce ta karɓi wayarsa wata rana a ofishin malamai, ta danna nan ta danna can, ta miƙo masa.

"Na saka ka," in ji ta. "Malamai ne daga makarantu daban-daban, kowa yana kawo abin da ya gwada a aji. Ko ba za ka ce komai ba, ka riƙa leƙawa."

Sunan zauren Masu Alli. Yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, don haka kowa da laƙabin da aka manna masa. Akwai Sarkin Waya, wani matashi mai koyar da Turanci, wanda ba ya mako bai zo da sabuwar manhaja ba. Akwai Anti Kimiyya, dattijuwa ce a wani gari mai nisa, ba ta rubutu sai saƙon murya, kana sauraro kana jin jikokinta suna rigima a bayanta. Shi kuwa, da suka ga furfurar da ke hotonsa, suka sa masa Baba Lissafi.

Da farko leƙe kawai yake yi. Abin da ya jawo shi ciki wata doka ce ta zauren: kowa idan layi ya zo kansa zai ɗauki bidiyon darasinsa ya turo, sauran su kalla su faɗi abin da suka gani. Nan ya gano yana da ido. Shi ne zai ce wa wannan allonsa ya cushe kamar kasuwa, ya ce wa wancan yana tambaya yana ba kansa amsa. Suna jin zafin maganarsa, amma suna jiranta.

Shi ma ya taɓa kai kukansa. A aji uku da yake koyarwa akwai layin da ke jikin taga, yara ne masu tsabtar littafi, amma a cewarsa kamar an ɗinke musu baki. Zai yi tambaya, ɓangaren ƙofa su amsa, layin taga su zuba masa ido. Sarkin Waya ya ba shi shawarar wata dabara: a ba kowane yaro kati mai baƙin zane, yaro ya juya katin yadda ya dace da amsar da ya zaɓa ya ɗaga sama, malami ya bi ajin da kyamarar waya, nan take ta nuna masa abin da kowa ya zaɓa.

"Wanda bai buɗe baki ba, kwali ne zai buɗe masa?" Baba Lissafi ya rubuta. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Da layi ya zo kansa, ya sa rigarsa mai guga, ya jingina wayar da wasu littattafai a kan dakalin tagar baya, don nan ne kaɗai ake ganin allo duka. Darasin kusurwoyin alwatika ne, abin da zai iya koyarwa ko daga barci ya tashi. Bayan an tashi ya ɗan duba bidiyon a ofishin malamai, ana ta surutu a kansa, yana tsallakewa gaba, idonsa a kan rubutun allo. Rubutun ya yi kyau. Ya tura.

Yabo ya yi ta shigowa. Wani ya ce zanen alwatikarsa kamar da inji aka yi. Sarkin Waya ya turo hoton tafi. Anti Kimiyya ce kaɗai ba ta ce komai ba, abin ya ɗan tsaya masa a rai.

Ranar hutun mako da hantsi, yana zaune a falo yana gyaran takardun yara, matarsa tana kan keken ɗinkinta a gefe, wayarsa ta yi ƙara. Anti Kimiyya ce. Ba su taɓa magana su biyu ba. Suka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, sannan ta shiga maganar da ta kawo ta.

"Baba Lissafi, akwai abin da na gani, ban so in faɗa a zaure ba. Kana da iyafis a kusa?"

"Akwai na 'yata."

"To ka sake kallon bidiyon nan. Amma ɗaya kawai za ka saka. Ka fara da kunnen dama, ka kalla har inda ka tambayi kusurwa ta uku. Sai ka mayar baya, ka saka a na hagu."

"Wani abu na faɗa ba daidai ba?"

"Lissafinka ba shi da aibu. Ka dai kalla. In ka gama, in ka ga dama ka kira ni."

Ya ɗauko iyafis ɗin, ya saka a kunnen dama. Da yake wayar a layin taga ta zauna, duk motsin yaran nan ya shiga: jan kujera, buɗe littafi, tari. Ya ga kansa ya juyo daga allo yana cewa, "To, kusurwa ta uku nawa ce?"

"Sittin," wata murya ta ce, ƙarama amma a fili. Yarinyar da ke kujera ta biyu daga baya ce, ana ganin bayan kanta.

Mutumin da ke cikin bidiyon bai ko kalli wajenta ba. "Babu wanda ya sani?" ya ce. "Haka za mu zauna?"

"Sittin, Malam," ta sake cewa, ta ɗan ɗaga murya.

Sai wani yaro a gaba ta ɓangaren ƙofa ya ce sittin, shi kuwa ya nuna shi da alli ya ce, "Madalla! Ga mai kai nan. Layin taga, ku kuna nan kamar hoto." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ƙawarta ta ɗan taɓa ta da gwiwar hannu. Ya bar bidiyon ya ci gaba. Abin ya sake faruwa da wani yaro a layin. Zuwa ƙarshen darasi babu mai ƙara buɗe baki a wajen.

Ya mayar baya, ya cire iyafis ɗin ya saka a kunnen hagu. Muryarsa da kanta ta koma kamar ta mutumin da ke magana a ɗakin maƙwabta. Ta yarinyar kuwa babu ita sam. Ya ƙara ƙarfin sauti har ƙarshe, ya danna abin cikin kunne da yatsa. Sai wani gunji mara kan gado.

Ya daɗe zaune da wayar a cinyarsa. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Malam, lafiya?"

"Kunnen nan nawa na hagu," ya ce, "kamar ba ya ji."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin da take ɗinkawa. "Sai yau ka sani?"

"Ke kin sani?"

"Ni da nake kwana nake tashi da kai? Tun yaushe nake faɗa maka, ka ce ni ce nake magana ciki-ciki kamar mai ciwon haƙori. Rediyon gidan nan har maƙwabta sun daina sayen batir. Ba ka lura na ɗauke keken nan daga can na dawo da shi nan ba? Ce maka aka yi haske nake nema?"

Ya kalli inda keken yake a da, ya kalli inda yake yanzu, a damansa. Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa.

"Akwai yarinyar da nake zagi a gaban aji," ya ce, "alhali ita ke fara ba da amsa."

Matarsa ta tashi ta zo ta zauna kusa da shi.

Da yamma ya kira Anti Kimiyya. Ta ce mahaifinta haka ya fara, shi ya sa ta gane yadda yake karkata kai gefe ɗaya idan ana masa magana. Ya tambaye ta ko sauran ba su ji muryar yarinyar ba.

"Sun ji mana. Sun ɗauka halin tsofaffin malamai ne, ka zaɓi naka ka bar saura. Wa zai iya faɗa maka? Kai ne fa mai faɗa wa kowa."

Wannan ta fi ta kunnen yi masa zafi.

Likitan kunne ya sa shi a wani ɗan ɗaki, ya ɗora masa abin sauraro, ya ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya faɗa masa gaskiya: na hagu ya yi nisa, na dama yana nan da sauransa. Ya ba shi wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, ya ce za ta taimaka, amma kada ya sa ran za ta mayar da shi saurayi. Abin da Baba Lissafi ya fi tsoro shi ne shugabar makaranta, kada ta ce ya koma kula da ɗakin karatu. Da ya faɗa mata, ta dube shi ta ce, "Allo kake koyarwa da shi ko kunne? Ka nemo dabara, Malam, ni ba ni da wani malamin lissafi."

Haka ya haɗiye girmansa ya kira Sarkin Waya.

"Ɗana, kwalayen nan naka, yaya ake yi da su?"

Matashin bai tuna masa da maganar baya ba, ko da yake ana jin murmushi a muryarsa. Ya turo masa zanen katunan, ya bi da shi mataki-mataki har manhajar ta zauna a waya. Matarsa ta yanka kwalayen da almakashinta, ta ce wannan ne karo na farko da ta taɓa ɗinka wa lissafi kaya.

Ranar farko abin bai yi ba. Hasken taga ya hana kyamara ganin rabin katunan, wasu yaran suka rufe zanen da yatsu, wani ya mayar da nasa mafici. Ana cikin haka na'urar kunnensa ta saki wani fito siriri, ajin ya fashe da dariya. Ya tsaya har suka yi shiru, ya ciro ta ya ɗaga musu.

"Kun ga wannan? Kunnena na hagu ya daɗe da daina aiki, ni ban sani ba. Layin taga, kuna ba da amsa ina cewa ba ku bayar ba. Ban ji ku ba ne. Ku yi haƙuri."

Wani yaro a layin taga ya ce, "Mun zaci ba ka son mu ne, Malam." Sai da ya juya kunnen dama ya sa shi ya maimaita. Yarinyar kujera ta biyu ba ta ɗago ba, tana ta murza gefen katinta.

Bayan an ja labule an saba da riƙon katin, abin ya fara tafiya. Wayar ta nuna masa abin da bai taɓa gani ba: layin taga sun fi kowa samun amsa daidai, kuma wasu masu saurin ɗaga murya a ɓangaren ƙofa bin baki kawai suke yi. Amma bai daɗe ba ya ga iyakar katin. Ya rubuta wa Masu Alli labarin duka, har da na kunnen, ya ƙare da cewa, "Katin yana nuna min wanda ya faɗi. Ba ya nuna min inda ya yi tuntuɓe. Wannan sai yaro ya yi bayani, ni kuma bayanin ne ba na ji."

Saƙonni suka ɓarke a zauren. Wata malama ta ce ita ma ta daina ganin fuskokin layin baya, tana jin kunyar sa tabarau. Wani ya kawo manhajar da ke mayar da magana rubutu, aka gwada, ta mayar da "alwatika" wata kalma da ba ta faɗuwa a gaban yara. A ƙarshe Anti Kimiyya ta turo saƙonta, jika na kuka a baya.

"Baba Lissafi, in ba ka jin bayaninsu, ka ba su allin mana. Idonka ai lafiyarsa ƙalau, mu shaida ne."

Bai taɓa sakin alli ga yaro a tsakiyar darasi ba, sai dai don hukunci. Ya gwada. Idan katuna suka rabu gida biyu, sai ya kira ɗaya daga kowane ɓangare su hau allo, kowa ya rubuta hanyar da ya bi, shi ya koma tsakiyar aji ya tsaya. Allon ya daina kyau. Layuka suka karkace, ana gogewa da tafin hannu.

Yarinyar ta ɗauki lokaci. Katinta kullum yana sama, bakinta a rufe, shi kuma bai matsa mata ba. Sai wata rana da aka rabu a kan wata tambaya, ya miƙa allin sama ya ce wa zai zo, ya ga ta miƙe. Ta cika rabin allo da ƙananan rubutu. A layi na huɗu ta yi kuskure, ta ɗebe inda ya kamata ta tara. Kafin ya ce wani abu ɓangaren ƙofa suka yi caa, ita kuwa ta juyo ta tsaya a kan bakanta, layin taga suka goya mata baya, aji ya kaure da musu. Rabin abin da ake faɗa ya wuce shi. Ya bar su har ƙawarta ta taso ta nuna mata wurin da yatsa. Ta kalla, ta ciji leɓe, ta goge ta gyara da kanta.

Wayarsa tana kan dakali tana ɗauka, don layi ya sake zagayowa kansa. Bai yanke komai ba, ya tura yadda yake.

Sarkin Waya ne ya fara amsawa. "Baba, darasin ya yi, amma wallahi hayaniya ta yi yawa. Rabin maganar ban ji ba."

Baba Lissafi ya gyara zama, ya rubuta masa da yatsa ɗaya, "To ka gode Allah, ɗana. Ka ji daidai abin da na ji."