Gaisuwar Modibbo Bobboyi

Mako shida likitan tiyata ya bayar. Ya rubuta a kati, ya sa hannu, ya shiga motarsa ya koma Maiduguri, ya bar Zadok da takarda da tsoho.

Tsohon shi ne Modibbo Bobboyi na unguwar Adarawo a Yola. Da damina santsi ya ɗebe shi a bakin rijiya, hannun dama ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Maɗori ya ɗora shi da kara da tsumma, ya ɗaure tamau har wata uku. Ƙashi kam ya haɗe sarai. Amma da aka kwance ɗaurin sai yatsun suka tsaya a ƙage, ba su miƙe ba, ba su rufe ba. Tsakanin babban yatsa da manuniya, yatsun Zadok uku suna shigewa. Likita ya ce idan ya dawo ya tarar biyun nan ba su haɗu ba, wuƙa ce. Hannun da aka yi wa wannan aiki zai ci tuwo, zai yi alwala, amma shi da alƙalami sai dai kallo. Modibbo kuwa shekara huɗu ke nan yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa. Izu hamsin da uku sun kammala, saura bakwai.

Zadok mutumin Ganye ne. Gwamnati ta tura shi Ingila ya yi shekara huɗu yana koyon gyaran gaɓoɓi da hannu, ya dawo Jimeta aka ba shi ɗaki kusa da wurin wanki na asibiti. Kayan aikin da ya rubuta wa ma'aikata tun bara suna nan suna zuwa. Abin da yake da shi benci ne, da tawul biyu, da kwalbar man gyaɗa. Yawancin waɗanda aka turo masa, da sun ga babu allura sai su yi godiya, ba ya ƙara ganinsu. Ma'aikatan asibitin kansu mai tausa suke ce masa.

Ranar Litinin ta farko wani ƙato ne ya kawo Modibbo a bayan babur. Sunansa Nata'ala, mahauci ne, katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Modibbo. Ya zauna a bakin ƙofa ba wanda ya ba shi wuri.

Zadok ya ɗora hannun tsohon a kan tawul, ya matsa fatar da yatsa biyu ya tura ta gaba. A hannun hagu fatar ta zame ta dawo. A na dama ta tsaya cak kamar an liƙe ta da ƙaro.

"Modibbo, ba ƙashin ne ya hana ka ba," in ji Zadok. "A ƙarƙashin fata akwai wani farin abu siriri da ya lulluɓe kowace tsoka, ya bi ta har zuwa yatsu. Shi ke sa tsoka ta zame a jikin 'yar'uwarta. Ɗaurin wata uku ya sa ya yi kauri ya manne. Ka ja nan, can ya ƙi."

"Tantani ke nan," in ji Nata'ala daga ƙofa. "Malam Zadok, har jirgi ka shiga don ka ga tantani? Da mahauta ka zo, da hantsi ɗaya ka gama makaranta."

"Saniyarka ba ta rubutu."

"Modibbo ma yanzu ba ya yi."

Modibbo ya ɗan yi murmushi. "Rabu da shi, yarona. Bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi."

Zadok ya shafa mai. "Doka ɗaya ce. Zan danna a hankali, in tura, in jira ya saki. Idan ka ji zafi kamar na barkono, ka faɗa mini nan take. A nan zan tsaya. Idan na wuce nan, ɓarna zan yi ba gyara ba. Ka ji?"

"Na ji."

Ya fara daga gwiwa. Ya danna, ya tura, ya jira. "Da zafi?"

"Ba komai."

Ya ƙara nauyi. Tantanin ya yi tauri kamar tsohon ƙirgi. "Yanzu fa?"

"Ba komai, yarona. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya."

"Yaya Ganye? An samu ruwa bana?"

"An samu. Modibbo, hannun nake tambaya."

"Madalla. Mahaifin naka yana nan da ƙarfinsa?"

Zadok ya cije leɓe. Tun da ya dawo babu abin da ke cinye masa lokaci kamar gaisuwa. A can mutum zai ce nan ne ke ciwo, ya nuna da yatsa, a wuce wurin. A nan sai an tambayi kaji da awaki. Tunda tsoho yana da sukunin tambayar ruwan Ganye, ashe akwai sauran wuri. Ya sa gwiwar yatsunsa ya nutsa.

Haka aka yi Litinin, haka Laraba, haka Juma'a. Modibbo ya gaishe shi har kan kakanninsa na wajen uwa. Zadok ya rubuta a kati cewa majinyaci yana da juriya ƙwarai.

Litinin ta biyu Modibbo ya shigo hannunsa cikin riga. Da aka fito da shi sai ga shi ya kumbura yana sheƙi, da zafi kamar an ciro shi daga murhu. Yatsun da suke ɗan motsi a da sun daina.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Na ce ka faɗa mini!" Muryar Zadok ta fita har masu wanki suka leƙo. "Sau nawa na tambaye ka? Hannunka ne ko nawa?"

Modibbo ya dube shi, ya mayar da ido ƙasa. "Aikinka kake yi, yarona. Useko." Godiya ce ya yi masa da Fulatanci, ba ta kuma ƙara wa Zadok komai ba sai haushi.

Babu abin yi sai ruwan sanyi da rataye hannu a wuya, har kumburin ya sauka. Mako biyu aƙalla. Zadok ya fita baranda don kada ya faɗi abin da zai sa a kai ƙararsa. Nata'ala ya biyo shi.

"Ran Juma'a sau biyu na tsayar da babur kafin mu kai Yola," in ji mahaucin. "Amai ya yi a gindin ɗorawa. Ya ce in na faɗa, shi da ni har abada."

"To me ya hana shi buɗe baki?"

"A gabanka? Sa'an ɗan cikinsa? Kai Malam Zadok, a ina aka haife ka ne? Bafulatanin Yola mai furfura ya ce wa yaro wayyo? Ranar da maɗori ya ja ƙashin nan ni na riƙe kafaɗarsa. Ina jin ƙashi yana ƙara, shi kuwa yana tambayar maɗori lafiyar surukansa ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ji Modibbo ya koma gaisuwa bayan an riga an gaisa, wuta ce ke cin sa."

Zadok ya san wannan. Ya taso da 'ya'yan Fulani a Ganye, ya ga yaro ya taka ƙaya ya ci gaba da tafiya yana fito. Sani ne da bai shiga jarrabawa ba, shi ya sa ya bar shi a tashar jirgi. Tsoho ya yi ta yi masa ihu kwana uku da harshen da ya iya, shi kuwa yana rubuta juriya a kati.

Da kumburin ya sauka saura mako uku. Yanzu dai yana da ma'auni: da zarar gaisuwa ta taso, ya ɗaga hannu. Ya shafa mai, ya danna, ya kasa kunne.

Shiru.

Ya ƙara kaɗan. Shiru. Modibbo ya kafa ido a bango, bakinsa a rufe gam.

Zadok ya waiwaya ƙofa. Nata'ala yana kallon rufin ɗaki.

"Ka gaya masa maganar gaisuwar," in ji Zadok.

"Zance ne ya kawo zance a hanya."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Mu duka."

Ranar a banza ta wuce. Zadok ya ji tsoron dannawa, ya yi ta shafa fata sama-sama kamar mai lallashin jariri, ya san kuwa tantanin da ya manne ba ya jin lallashi. Ya roƙi tsohon, ya yi masa bayani, ya ce ko ɗaga gira ya yi. Modibbo ya ce ba komai.

A ƙofa, wajen sallama, Zadok ya ce da gajiya, "A gaida gida."

"Za su ji," in ji Modibbo nan take, bai ko numfasa ba.

Zadok ya tsaya yana kallon babur har ya sha kwana. Mutumin nan zai iya hana kansa gaishe da wani. Amma a gaishe shi ya ƙi amsawa, wannan ba ya cikin ikonsa.

Ran Laraba Zadok ya kori Nata'ala zuwa gindin mangwaro, ya rufe ƙofa. Ya ɗora yatsunsa ƙasa da gwiwar hannun.

"Modibbo, ina kwana?"

Tsohon ya dube shi da mamaki, don sun riga sun gaisa. "Lafiya lau."

"Ina gajiya?" Ya danna.

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?" Ya tura.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Yaya mutanen Adarawo?" Ya ƙara nauyi kaɗan.

Amsar ta yi jinkirin numfashi ɗaya. Da ta zo kuma ba da Hausa ta zo ba. "Jam." Lafiya ke nan da harshen da uwarsa ta yi masa magana.

Zadok ya tsaya a daidai nan, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya jira. Ya ƙirga numfashin tsohon har talatin. Sai ya ji abin a ƙarƙashin yatsunsa ya yi laushi ya ja baya kaɗan, kamar kitse a rana.

"Yaya zafin gari?"

"Lokacinsa ne," in ji Modibbo da Hausa.

Zadok ya matsa gaba da faɗin yatsa ɗaya.

Daga ranar, sau uku a mako, mutumin da ya ƙi jinin gaisuwa yana gaisuwa ta minti arba'in ba tsayawa. Ya tambayi 'ya'ya da jikoki, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi liman da ladan, ya tambayi tumaki. Da suka ƙare ya koma farko. Masu wanki suka fara cewa mai tausa ya taɓu. Ko Modibbo ya gane dabarar, bai nuna ba. Ya amsa kowace ɗaya, don ba shi da yadda zai yi. Tsakanin yatsun ya ragu daga uku zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya da rabi. Zadok yana aunawa yana duban kalanda. Sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ya faɗi haka ba shi da likita mai dawowa daga Maiduguri.

Likitan ya dawo ranar da ya ce. Yana da mutum goma sha ɗaya a jeri, yana so ya gama da su kafin la'asar. Ya ɗaga hannun Modibbo. "Haɗa."

Modibbo ya matse. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Babban yatsa ya taho, manuniya ta taho, suka tsaya. Saura faɗin yatsa ɗaya. Zadok ya dubi ratar nan ya ga mako biyun da ya ɓatar da hannunsa, ba ƙari ba ragi.

"Bai haɗu ba," in ji likita da Turanci. "Gobe da safe, wuƙa."

"Laifina ne," in ji Zadok. "Na wuce gona da iri a makon farko, ya kumbura. Yana cikin kati. Mako uku kawai na yi aiki na gaskiya."

"Sharaɗi sharaɗi ne."

"Ba haɗa yatsu yake nema ba, ranka ya daɗe. Alƙalami yake so ya riƙe."

Zadok ya juya ya miƙa wa Nata'ala hannu. Mahaucin ya zaro alƙalamin kara daga aljihun Modibbo, da 'yar kwalbar tawada da tsohon bai taɓa fita ba tare da ita ba. Karan ya kai kaurin ɗan yatsa. Zadok ya sa shi a cikin ratar, ya zauna daram. Ya juya bayan katin.

Modibbo ya tsoma, ya ja layi ɗaya daga dama zuwa hagu, sunansa da na mahaifinsa. Ya ɗauki lokaci. Haruffan suka fito suna rawa, amma kowa a ɗakin da ya iya karatu ya karanta.

Likita ya dubi agogo, ya dubi katin. "Wata ɗaya. In na dawo ban ga sun haɗu ba, ba na son jin wani bayani." Ya kira na gaba.

A baranda Nata'ala ya fara murna, yana cewa yau sai ya yanka wani abu. Modibbo kuwa yana riƙe da katin nesa da idonsa yana duban layin.

"Wannan ba hannuna ba ne," ya ce. "Rubutun ɗan koyo ne. Ba zan sa shi kusa da izu hamsin da uku ba."

"Ban ce ka sa ba," in ji Zadok. "Litinin, ƙarfe takwas."

"Allah ya kai mu."

"Nata'ala, kai kuma a hanya ka yi tuƙi kawai."

Zadok ya koma ɗaki ya ɗaga kwalbar man gyaɗa. Ta kusa ƙarewa. Ya zauna a benci ya fara tuno wa ya rage a Adarawo da bai tambayi lafiyarsa ba.