Kitso Huɗu

Tun da aka fara cirar albasa a Jiga Birni Murjanatu ba ta ƙara samun zaman tsefe kanta ba. Da asuba za ta hura wuta ta dama kunu, ta shirya Mufida da ƙannenta biyu su tafi makaranta, ta goya autar ga kuma cikin wata bakwai a gaba, sannan ta ɗora tukunyar shinkafa da wake ta 'yan ƙwadagon da ke aiki a fadamar mijinta Ɗayyabu. Kitson da ke kanta ya haura kwana arba'in. Ranar da ta tsefe shi, tana sa mataji sai ya fito da dunƙulen gashi cike da tafin hannu. Ta sake tajewa, ya sake cikowa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kai shi masai ta jefa, ta ɗaure kanta tamau, ba ta gaya wa kowa ba.

Ran Asabar za a yi sunan ɗan da ƙanwar Ɗayyabu ta haifa. Don haka ran Laraba da hantsi ya ɗauke ta a babur ya sauke ta Aliero, gidan Inna Delu mai kitso, bayan kasuwar albasa. Ita ta yi wa Murjanatu kitson amarci, kuma kowa ya san ta da zuba, in ta kama kai bakinta ba ya hutawa sai ta kai ƙarshen jela.

Murjanatu ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta ta zare ɗankwali. Inna Delu na cikin ba da labarin wata amarya, tana ganin kan ta katse labarin.

Ta sa kibiya ta tsaga kan. Tsagar ta buɗe kusan faɗin yatsa biyu, fata na ƙyalli a tsakani, gashin goshi kuwa ya ja baya sai 'yan tsiraru. Ta ajiye kibiyar, ta juyo da fuskar Murjanatu, ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. Fari fat. Ta kama hannunta ta duba farata, sun lotsa a tsakiya kamar cokali.

"Ɗiyata, kina haki in kin ɗauko ruwa?"

"Ciki ne, Inna."

"Jiri hwa?"

"Wani lokaci."

"Mi kike tauna tun ɗazu?"

Murjanatu ta sunkuyar da kai, ta kwance haɓar zaninta. Farar ƙasa ce, gutsure uku. Wata biyu ke nan abinci ba ya yi mata daɗi sai ita.

"Maganin ƙarin jini da anka ba ki wurin awo?"

"Tashin zuciya yake sa ni, na aje shi. Inna, shuku nake so, ƙanana, wanda zai kai ni haihuwa."

"Ba ni yi miki shuku."

Murjanatu ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da ta waiwayo ta ga idon tsohuwar, dariyar ta tsaya.

"Kin san Hamsatu, ɗiyata da ta yi aure Sarandosa, can ƙasar Maiyama?"

"Na sani, Inna. Allah ya jiƙanta."

"Nan ta zauna inda kike, da cikin wata takwas. Haka kanta yake, haka idonta. Na ce gajiya ce. Na ja mata shuku ƙanana har tana hawaye, tana cewa Inna ja dai, kada ya tsufa kahin suna. Ta haihu gida, jini ya ɓalle, ashe dama babu shi a jikin. Ba su kai titi ba." Ta goge kibiyar a zaninta, ko da yake babu komai a jikinta. "Ni na tsehe shukun nan da hannuna ranar da anka yi mata wanka. Na raba gashin uku na kitse, kamar yadda ake yi wa mamaciya. Ukun nan duka ba su kai kaurin yatsana ba."

A waje ana ta jifan buhunan albasa cikin mota, masu lodi na ihu. Murjanatu ta ji abin cikinta ya motsa, ta dafa wurin.

Inna Delu ta lakato man kaɗanya ta murza a tafi, ta bi fatar kan a hankali. Ta raba gashin, ta fara kitsewa zuwa ƙeya, manya, sakwa-sakwa, ba ta taɓa na goshi ba. Murjanatu ta iske kanta tana ƙirga kitson a zuci. Ɗaya, biyu, uku. Sai da ta ji an kama na huɗu sannan ta saki numfashi.

"Ba ƙarin gashi, ba zare, ba ja," in ji Inna Delu. "Sati biyu zai yi miki. Da sahe ki jiƙa hannu ki shafa, ki bi da mai, ki ɗaura kallabi ba da ƙarhi ba. Shi ke nan aikinsa. Amma ki ji ni da kyau, ciwon ba a kai yake ba, a jini yake. Gobe ki tahi asibiti Jega."

Da la'asar, bayan Ɗayyabu ya dawo daga fadama, ta gaya masa. Ya saurare ta yana wanke ƙafa, ido ja don rana.

"Murja, ki ba ni kwana biyar. In na bar albasar nan a rana ba mai tsaya mata, ta lalace. Muna gamawa ni da kaina zan kai ki."

"To, Malam."

Mahaifiyarsa, Hajja Adama, da ke zaune tare da su a gidan, ta sa aka buɗe mata kan ta duba. Ta riƙe baki. "Wanga ba ciwon asibiti ba ne. An ɗauki gashinki an yi aiki da shi." Washegari ta kawo rubutu a gora da wani turare na hayaƙi, ta zauna ta tsare har sai da aka shanye. Da zuciya ɗaya take yi, Murjanatu ta san haka, ita ma kuma wannan bayanin ya fi yi mata sauƙin ɗauka. Ba ya buƙatar barin tukunya.

Aka yi suna, ba ta cire ɗankwali ba ko a cikin mata. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga. In ta tsaya cak sai ta ji bugun zuciyarta a kunne, dum, dum, kamar ana daka a maƙwabta. Tsakanin madafa da rijiya taku ashirin ne, ta fara hutawa a tsakiya, tana dafa bango tana yi kamar tana gyara zani. Mufida ta tambaye ta me ya sa leɓenta ya yi fari, ta ce garin kunu ne.

Rana ta biyar da azahar ta sunkuya za ta sauke tukunya. Tsakar gidan ya yi duhu daga gefe-gefe, ya dinga tsukewa har ya rage murhu kaɗai take gani. Ta ji kukan autar daga nesa, alhali a bayanta take.

Ta farka a bayan a-kori-kura kan buhunan da babu komai, warin albasa ya cika mata hanci, kanta a cinyar Hajja Adama, tsohuwar na ta salati. A Jega malamar asibiti ta dubi takardar gwaji, ta dubi Ɗayyabu.

"Jininta bai kai rabin yadda ake so ba. Da ƙafarta take yawo a haka?"

Ya naɗe hannun riga. Jininsa da na ƙanensa Jibrin aka ɗiba, leda biyu. Kwananta shida a kwance. Inna Delu ta zo a rana ta uku da gasasshiyar hanta da kwaɗon zogale, ta zauna a bakin gado har Murjanatu ta cinye.

Aka sallame ta da magani da sharaɗin ta dawo nan ta haihu. Ta sha, da tashin zuciyar da komai. Bayan sati biyar naƙuda ta taso tun lokaci bai cika ba, suka kama hanya da safe. Ta haifi mace, 'yar ƙarama kamar a rufe ta da tafi biyu, amma tana kuka. Sai jini ya biyo baya. Murjanatu na jin malamai na kiran juna da sauri, ana danna mata ciki, ana neman jijiya, hannuwanta na yin sanyi tun daga yatsu. Sai da aka ƙara mata wata ledar kafin ya tsaya. A asibitin aka raɗa wa jaririyar suna Raihanatu.

Ranar sallama malamar ta sa aka kira Ɗayyabu, ta yi maganar a gabansu su biyu.

"Shekara uku, Malam, a bar ta ta huta. Akwai hanyoyi, ku dawo tare a yi muku bayani. In ta sake ɗaukar ciki a yadda take ɗin nan, ban ce maka za ta tashi ba."

"To," in ji shi.

Suka shiga motar haya, shi a gaba, ita da Hajja Adama a baya. Sun wuce Aliero kaɗan tsohuwar ta buɗe zanin jaririyar ta leƙa fuskarta, ta yi murmushi.

"Mata biyar ke nan, masha Allah. Baɗi war haka namiji na tahe, in Allah ya so."

Murjanatu ta dubi ƙeyar mijinta, tana jira ya faɗi abin da malamar ta ce. Ya juya kai wajen taga, yana kallon gonakin da aka fara sharewa don damina. Haka ya yi ta kallonsu har suka sauka a Jiga Birni.