Bokitin Bayan Aji

Wata biyu ke nan hannayen Auta sun ƙi lafiya. Tun tana goye take da ciwon fata mai ƙaiƙayi a wuya da lanƙwasar hannu, amma man da likita ya rubuta yana kwantar da shi. Da ta shiga aji ɗaya sai abin ya sauko yatsu. Fatar ta bushe, ta tsattsage, wani wurin har ruwa yake yi. Mamanta ta canza sabulu, ta hana ta ƙwai da madara. Babanta, wanda tela ne, ya sake ɗinka mata kayan makaranta da yadin auduga zalla. Duk a banza.

Wata Talata Auta ta manta kwalbar manta a kan keken ɗinki. Tela ya ja ƙofar shago wajen ƙarfe tara ya bi ta da shi. Ya leƙa ajin ta taga bai gan ta ba. Wata yarinya mai giɓi ta nuna masa bayan aji da fensir.

Can ya same ta tsugune gaban wani jan bokiti, hannayenta duka biyu cikin ruwa har wuyan hannu. Warin maganin wanke banɗaki ya bugi hancinsa tun kafin ya ƙarasa. Ba kuka take ba. Ta runtse ido tana ƙirga.

"Arba'in da shida, arba'in da bakwai..."

"Auta, me kike yi?"

"Baba, tsaya, sai na kai ɗari."

Ya fizgo hannayen daga ruwan. Sun yi jawur, tsagun sun buɗe baki. Kwalbar man ta suɓuce masa ta gangara cikin kwata, bai ko bi ta kanta ba. Ya ɗauki yarinyar zuwa famfo ya sakar mata ruwa.

Malamar ajin ta fito da alli a hannu. Matashiya ce, bana aka ɗauke ta aiki.

"Malama, tun yaushe?" in ji Tela.

"Tun satin farko, Baban Auta. Iyaye ne suka zo suka ce ƙazuwa ce, ko a kore ta ko su kwashe 'ya'yansu. Ni kuma ban so a kore ta ba. Na ce in tana tsoma hannu kullum da safe ƙwayar cutar za ta mutu."

"Babu ƙwayar cuta. Ba a ɗaukarsa. Ai mun kawo takardar likita ranar da muka sa ta a makaranta."

"Wace takarda?"

A ofis shugabar makaranta ta zaro fayil ɗin Auta daga durowa. Takardar na nan a maƙale da hoton yarinyar, ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba. Shugabar ta karanta a bayyane: kada sabulu mai ƙarfi ya taɓa ta, a shafa mata mai sau uku a rana. Malama ta dubi hannayen Auta, ta nemi kujera ta zauna, ta kasa ɗaga kai.

A hanyar asibiti Tela ya tambayi 'yarsa abin da ya hana ta faɗa a gida.

"Malama ta ce magani ne. Kai ma ai cewa kake in daure in magani ya yi zafi."



Kwana goma ta yi a gida da bandeji. Mamanta ta rantse sai an canza mata makaranta, amma Auta ta ce ita ajinsu take so. Ranar da ta koma, uwar ce ta raka ta, ta tsaya gaban yara talatin ta yi musu bayani da bakinta. Malama ta wanke hannunta, ta durƙusa ta shafa wa Auta mai a gaban kowa, yatsa bayan yatsa. Aka dawo da bencinta layin gaba daga ƙuryar da aka ware shi, aka ware mata tsumma mai ɗan sanyi na dannawa in ƙaiƙayi ya taso.

Iyaye biyu duk da haka sun cire 'ya'yansu. Kafin hutun zangon, Auta ta soma riƙe fensir ba tare da ta yamutse fuska ba.