Salak ɗin Bappa Apollos

"Ka ajiye wuƙan nan," in ji Bappa Apollos daga kan tabarma, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Salak ba nama ba ne. Da hannu ake yaga shi."

Hafsah ta ajiye wuƙar. Kwana uku ke nan tsohon bai sa komai a baki ba, magani kuwa ba ya shawuwa sai da abinci a ciki. 'Yarsa Edna ta taso daga Michika tun asuba. Hafsah ba ta neman komai sai Edna ta iske shi da rai.

Shekara goma ita da tsohon suna katanga ɗaya a unguwar Damilu, tun da ya yi gudun hijira ya bar lambunsa. Ya ƙi tuwo, ya ƙi kunu. Yau da safe ne ya ce ganye yake marmari.

Ta wanke salak ɗin sau uku, ta yayyaga, ta yanka tumatir da kokwamba da albasa, ta matsa lemun tsami.

"Ina ƙuli-ƙulin?"

"Likita ya hana, Bappa. Akwai mai, akwai gishiri."

"Likitan ya taɓa riƙe fartanya? Haka akuya ke cin nata."

"Shi ya sa akuya ba ta hawan jini."

Ya yi dariyar da ta koma tari. Sai ya juya fuskarsa bango.

Hafsah ta daɗe tsaye da kwanon a hannu. Bayanta yana ciwo. Tun Litinin ba ta leƙa ajin da take koyarwa ba. Daga nan ta tsallaka gidanta, ta daka ƙuli uku, ta dawo ta barbaɗa.

Loma huɗu ya ci, yana taunawa a hankali, ido a rufe.

"Na lambun Geriyo ne," ya ce. "Taki ya yi masa yawa."

Ya miƙo hannu, ta ba shi maganin.

Motar Edna ta sha tsayawa a shingayen bincike, sai bayan la'asar ta iso. Ya gane ta. Ya tambaya ko an yi ruwa a gida, ta ce an yi. Kafin magariba ya cika.

Da matan coci suka fara waƙa a ɗakin, Hafsah ta fito ta zauna a dakalin ƙofa. Can sai Edna ta zo ta zauna kusa da ita, jakar tafiyarta har yanzu a kafaɗa. Hafsah ta zare mata jakar, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.