Tukunyar Maame Pokuaa

Maame Pokuaa mai sayar da sakwara ce a Bantama, cikin Kumasi. Ba ta taɓa tunanin fitowa a fim ba, sai da Antwi, ɗan maƙwabciyarta mai shirya finafinai, ya ishe ta da naci.

"Maame, na yara ne fa. Labari uku ne a ciki: akuya mai magana, fatalwa mai tsoron kyankyaso, sai naki. Dariya kawai za a sha."

Ta yarda. Aka saka mata haƙoran roba, aka shafe ta da gawayi. Ita ce tsohuwar da tukunyarta ke haɗiye yara masu satar nama. Jinin ma zoɓo ne. Ranar ɗauka har cikinta ya ƙulle don dariya.

Da fim ya fita, yaran unguwa suka haddace shi. In sun zo wucewa ta rumfarta sai su yi ihu, "Tukunya, buɗe baki!" ita kuma ta bi su da ludayi.

Wata Lahadi ɗanta Ofori ya kawo iyalinsa daga Obuasi. An tashi daga coci, haraba cike da jama'a, har da surukan Ofori. Maame ta hango jikarta Afriyie, 'yar shekara huɗu, ta buɗe hannuwa.

"Zo nan, ƙawata!"

Yarinyar ta ƙanƙame zanen uwarta, ta ƙwalla ƙara. "Ita ce mai cin yara! Mama, kar ki bari ta dafa ni!"

Samari suka tuntsire da dariya. Dattawa kuwa suka ɗaure fuska, don irin wannan magana a kan tsohuwa ba abin wasa ba ce. Maame ta tsaya da hannuwa a buɗe, ta rasa inda za ta sa su.

"Ki yi haƙuri, Maame," in ji uwar yarinyar, murya ƙasa-ƙasa. "Yayyenta ne suka nuna mata a waya."

Surukin Ofori ya gyara mayafinsa, ya dube ta sama da ƙasa. "Ashe ke ce. To, sannu da ƙoƙari."

A gida Afriyie ta ƙi taɓa miyar gyaɗar da aka dafa dominta. Ofori ya ce, "Da kin shawarce ni, Maame." Daga ranar Maame ta daina bin yara da ludayi, cocin ma sai ta koma zama a kujerar baya. Da Antwi ya zo da zancen kashi na biyu, ta ce ya je ya saka uwarsa.

Sai Kirsimeti Ofori da iyalinsa suka dawo. Afriyie ta tsaya a bakin ƙofa. Maame ba ta kira ta ba, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, kanta a sunkuye.

"Kaka, yaran nan sun fito daga tukunyar?"

"Sun fito. Kowa na gidansu lafiya lau."

"Har mai jar riga?"

"Har shi."

Yarinyar ta yi ɗan tunani, sannan ta zauna a dokin ƙofar, ta miƙo hannu a ba ta gyaɗa.